Kare kayan wutarka a Legas: abin da za ka sa a allon wuta tun kafin damina

Duk wanda ya kira ni a kan firji ko talabijin da ya ƙone, maganarsa ɗaya ce: wuta ce ta yi yawa. Gaskiya ne, amma yawan wuta iri biyu ne, kuma maganin wannan ba ya yi wa wancan. Aikin wayarin nake yi a Agege, kuma abin da ya fi ci mini rai shi ne ganin ɗan'uwa ya kashe kuɗi a kasuwar Alaba, ya sayo kariyar da ba ita yake bukata ba.

Na farko bugu ne na ƙiftawar ido. Tsawa ta faɗi kusa da layi, ko an maido da wuta gaba ɗaya, sai dubban bolt su ratsa waya cikin lokacin da bai kai kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa ba. Na biyu kuwa wuta ce ta hau ta zauna. Taransifomar unguwa tana sauke bolt 11,000 zuwa wajen 400 tsakanin layi da layi, kai kuma 230 kake samu tsakanin layi da nitiral, wato wayar da wuta ke komawa ta cikinta. Ranar da nitiral ta tsinke a kan fol, ko tsatsa ta cinye mahaɗinta, gidanka na iya shan kusan 400, maƙwabcinka kuwa fitilarsa ta koma ja-ja. Na shiga shagon wani mai sayar da ƙanƙara bayan irin wannan: warin roba ko'ina, bayan firizarsa biyu ya yi baƙi, sitabilaizar da ya dogara da ita tana hayaƙi a ƙasa. Ko ɗigon ruwan sama ba a yi ba a ranar.

Fara da wayar ƙasa. In babu ita, kariyarka ba ta cika ba. A kafa sandar jan ƙarfe a wuri mai danshi, a ɗaure waya mai kauri da maɗauri na gaske, a kai ta har allon wuta, sannan a auna da mita. Gidajen haya da yawa soket ɗinsu rami uku ne, amma ka buɗe ka tarar na ukun ba komai a bayansa.

Sai maganin bugun tsawa, wanda a kasuwa ake ce wa SPD. Na gida shi ne nau'i na 2, ka duba jikinsa ka ga 275V da 20kA ko 40kA. Muddin wuta na daidai ba ya yin komai, da ta zabura sai ya buɗe mata hanya ta zube ƙasa, kamar kwatar da ke kwashe ruwa kafin ya shiga ɗaki. A ɗaura shi kusa da babban makunni, wayoyinsa gaba ɗaya kada su wuce rabin mita, don doguwar waya tana rage masa ƙarfi. Yana da 'yar taga koriya. Ta koma ja, ya gama aikinsa, a canza. Gini mai sandar tsawa a rufi yana bukatar nau'i na 1 a mashigar wuta.

Amma SPD ba ya iya komai da nitiral da ta tsinke, shi ma ƙonewa zai yi. Nan ne rilen bolt yake shigowa, ɗan akwati mai nuna lamba da ake sawa bayan babban makunni. Yana auna wuta kullum, ta wuce iyaka ya yanke. Ni nakan saita shi ya yanke a sama da 250 da ƙasa da 180, ya kuma jira minti 3 kafin ya maido. Jiran nan kada ka rage shi, Alhaji, ko da yara na ƙorafin zafi: kwamfuresan firji yana son iskar cikinsa ta lafa kafin ya sake tashi. Ka sayi wanda amfiyarsa ta fi nauyin gidanka, 63 ya ishi yawancin gidaje.

Kamfanonin Ikeja da Eko, da suka karɓi rabon wutar Legas a 2013, su ma da rile suke tsaron layukansu na bolt 33,000 da 11,000. Reshe ya taɓa waya cikin iska, rile ya ga wuta na gudu ƙasa, ya umarci bireka ta yanke. Shi ya sa sau da yawa hadari na tasowa ake ɗaukewa, kuma gara hakan da waya mai rai a cikin ruwan titi. Don haka in fis ya tsinke ko bireka ta yi ta faɗuwa a gidanka, don Allah kada a ɗaure da guntun waya. A nemo abin da ke kayar da ita.

In ka ga fitila ta yi wani irin haske, fanka na gudu kamar za ta tashi, kashe babban makunni nan take, ka gaya wa maƙwabta, ku kira kamfani. Aikin kan fol nasu ne, na cikin allo kuma a ba wanda ya iya, bayan an kashe wutar layi da ta janareta duka.