Yadda na kawar da layukan da ke ɓata hotunan dina

A wani ɗakin taro a Kano, duk hoton da na ɗauka sai ga layuka baƙaƙe sun ratsa fuskar amarya har leshinta. Kyamara lafiyarta ƙalau. Fitilun LED na masu ado ne ke ƙiftawa da saurin da ido ba ya gani.

Shata ita ce ke buɗewa ta rufe don haske ya shiga kyamara. Na kashe shata marar ƙara, na koma mai ƙarar, ai da kiɗan DJ ba mai ji. Wutarmu ta lantarki 50Hz ce, wato fitilun na ƙiftawa sau ɗari a daƙiƙa, don haka na saukar da saurin shata zuwa 1/100 na daƙiƙa, na rage ISO, wato ƙarfin karɓar hasken kyamara. Layukan suka ɓace.

Wajen liƙi kuwa 1/100 ba ya tsayar da hannun masu watsa kuɗi, sai na ɗora filashi ina harba shi silin.