Zoben Tumbi: Kurakuran da Aka Fi Yi Bayan Tiyatar Rage Ƙiba da Yadda Ake Gyara Su

A cikin tiyatocin rage ƙiba babu wadda nasararta ta rataya a wuyan majinyaci kamar wadda ake ɗaura zoben silikon a saman tumbi. A wannan aikin ba a yanke tumbi, ba a kuma karkatar da hanji. Likita yana huda ciki a wurare kaɗan, ya shigar da kyamara da kayan aiki, ya zagaye saman tumbi da zobe mai ɗauke da balan-balan a cikinsa, sannan ya haɗa zoben da wani ɗan maɓalli da ake dasawa a ƙarƙashin fatar ciki ta hanyar siririn bututu. Ta wannan maɓallin ake sa allura a ƙara ruwan gishiri na asibiti domin zoben ya matse, ko a zuƙe ruwan domin ya saki. Dakta Mitiku Belachew, ɗan asalin Habasha, shi ne ya fara sanya zoben samfurin Lap-Band ta ƙananan huda a Beljiyam a 1993, kuma hukumar kula da abinci da magunguna ta Amurka ta amince da samfurin Lap-Band a 2001. Farin jinin zoben ya ragu tun da tiyatar yanke babban ɓangaren tumbi ta yi kasuwa, amma har yanzu mutane masu yawa suna rayuwa da shi a jikinsu, kuma yawancin wahalar da suke sha tana tasowa ne daga fahimta guda ɗaya da ta karkace.

Fahimtar ita ce wai zoben ƙofa ce da ake rufewa don abinci ya kasa wucewa, saboda haka gwargwadon matsewarsa gwargwadon ramar da za a samu. Binciken da aka yi a Jami'ar Monash da ke Melbourne a Ostareliya, inda Farfesa Paul O'Brien ya daɗe yana jagorantar aikin, ya nuna cewa idan zoben yana daidai, abinci ba ya taruwa a samansa na tsawon lokaci. Kowace loma da aka tauna sosai bututun abinci yana matsa ta har ta ratsa zoben cikin kusan minti ɗaya, kuma wannan matsawar ce take aika wa ƙwaƙwalwa saƙon ƙoshi. Ke nan amfanin zoben shi ne ya kwantar da yunwa, ya sa ɗan abinci kaɗan ya wadatar. Masu binciken sun kasa yanayin zoben gida uku da launuka. A yankin ɗorawa zoben ya saki da yawa, mutum yana jin yunwa tsakanin abinci da abinci, yana cin mai yawa, nauyi kuma ba ya sauka. A yankin kore ƙaramin kwano yana ƙosar da shi na sa'o'i, yana iya cin abinci mai tauri, nauyi yana sauka a hankali. A yankin ja kuwa akwai wahalar haɗiya, da ƙwannafi, da tumbuɗi, da tarin dare. Abin takaici shi ne mutane da dama suna zaune a yankin ja suna murna, har suna roƙon likita ya ƙara musu ruwa. Wanda ya ga waɗannan alamun ya koma asibiti a zuƙe ɗan ruwan. Sau da yawa rage abin da bai kai mililita ɗaya ba yana sauya komai.

Kuskuren da ke biye da wannan yana faruwa ne tun a makonnin farko, wato gaggawar komawa abinci mai tauri. Tsarin da yawancin asibitoci suke bi shi ne kimanin mako biyu na abin sha zalla, sai kimanin mako biyu na abincin da aka markaɗa ya yi laushi, sannan mai taushi, kafin a koma abinci na yau da kullum wajen mako na biyar ko na shida. Dalilin wannan tsarin shi ne ɗinkin da ke riƙe da zoben a mazauninsa yana buƙatar lokaci ya warke, kuma yunƙurin amai a wannan tsakanin yana iya gusar da shi. Akwai kuma abin da ke ruɗa mutane: da zarar kumburin tiyata ya sauka, kuma ba a riga an yi ƙarin ruwa na farko ba, wanda galibi akan yi bayan mako huɗu zuwa shida, yunwa tana dawowa da ƙarfinta. Wannan ba alamar cewa aikin ya lalace ba ce, zoben ne bai fara aikinsa ba tukuna.

Inda aka fi yin tuntuɓe, kuma inda ya kamata mai karatu Bahaushe ya fi natsuwa, shi ne yadda ake cin abincin kansa. Mun taso muna yanko lomar tuwo, mu dangwala miya, mu haɗiye ba tare da tauna ba, kuma a gidaje da yawa ana ci ne a kwano ɗaya, inda mai jinkiri yake tashi da yunwa. Wannan ɗabi'ar ita ce mafi saɓa wa zoben tumbi. Lomar tuwon shinkafa ko na masara ko sakwara da aka haɗiye dunƙule tana isa bakin zoben ta tsaya cik, sai mutum ya ji nauyi da zafi a tsakiyar ƙirji, yawu mai yauƙi ya cika masa baki, daga nan abincin ya dawo. Gyaran yana da sauƙin faɗa da wuyar sabo. Loma kada ta wuce cikin ƙaramin cokalin shayi, a tauna ta har ta zama kamar kunu, a haɗiye, a ajiye cokali, a jira kusan minti ɗaya kafin ta gaba. A ba wa cin abinci minti 20 zuwa 30, abin da ya rage bayan haka a ɗauke shi. A zuba wa mai zoben nasa daban a ƙaramin faranti, ko da kuwa iyali suna zaune wuri ɗaya, domin ba zai iya tafiya da saurin kwanon taro ba. A kuma daina ci da zarar yunwa ta gushe, kada a jira cikin ya cika, domin jin cika ga mai zobe alama ce ta cewa an riga an wuce iyaka. Akwai abincin da aka san suna yawan maƙalewa: burodi mai laushi wanda yake dunƙulewa, shinkafa da taliya, busasshen nama irin su kilishi da tsire, ɓawon 'ya'yan itatuwa, da ganye mai zare da ba a yanka shi ƙanana ba. Ba a haramta su har abada ba, amma a gwada su ɗaya bayan ɗaya, a gida, kuma a fifita naman da ya dahu lugub a cikin miya, da kifi, da ƙwai, da wake, da alale.

Idan loma ta maƙale, kuskure ne a kora ta da ruwa, domin ruwan zai zauna a kanta ya ƙara matsi. A daina ci, a miƙe tsaye a ɗan taka, a bar ta ta wuce ko ta dawo da kanta, sannan a koma abin sha zalla na yini ɗaya saboda wurin yakan kumbura.

Daga wahalar abinci mai tauri ne wani kuskuren yake haihuwa, wanda a ganina shi ne mafi yaudara. Mutum yana gajiya da maƙalewa sai ya koma ga abin da ke zarcewa ba gardama: kunu da koko masu sukari, fura da nono, shayi mai kaurin madara, zoɓo mai zaƙi, lemon kwalba, alawa da biskit da ke narkewa a baki. Zoben ba ya tare ko ɗaya daga cikinsu, kuma ba sa haifar da matsawar da ke kawo ƙoshi, don haka mutum yana iya shan abin da ya fi kwanon tuwo sa ƙiba alhali yana rantsuwa cewa ba ya cin komai. A nan ake samun wanda zobensa ya matse har yana amai, amma nauyinsa yana hawa. Maganin shi ne a sassauta zoben har mutum ya iya cin abinci na gaske, a fara kowane ci da mai gina jiki domin a samu kimanin giram 60 zuwa 80 na furotin a yini, sai kayan lambu, sai ɗan abin da ya rage na hatsi. Abin sha kuwa ya zama ruwa ko shayi marar sukari, lita ɗaya da rabi zuwa biyu a yini, ana kurɓa kaɗan-kaɗan. Yawancin asibitoci suna cewa a raba sha da ci da kimanin rabin sa'a, kuma a kauce wa abin sha mai iska saboda kumburin ciki da yake kawowa.

Ya kamata a faɗi wannan a sarari: yawan amai ba ya cikin tsarin rayuwa da zobe. Wanda yake amai sau da yawa a mako yana jawo wa kansa zamewar zobe, inda wani ɓangaren tumbi yake kutsawa sama ta cikinsa, ko buɗewar bututun abinci, ko kuma ƙarancin bitamin B1, wanda idan ya tsananta yana taɓa ƙwaƙwalwa da jijiyoyi. Wanda ya kasa haɗiye ko da ruwa ne ko yawunsa, ko yake jin ciwon ciki mai tsanani, ko ya yi aman jini, ya tafi asibiti a ranar, ya kuma gaya musu yana da zobe a tumbi domin a fara da zuƙe ruwan. Haka nan ja, ko kumburi, ko ruwa a wurin maɓallin, ko dawowar yunwa kwatsam bayan an daɗe a daidai, suna iya nuna cewa zoben ya fara cin bangon tumbi ko bututun da ke haɗa shi da maɓallin ya yoye, kuma hoto ko leƙa ciki da kyamara ne kaɗai zai tantance.

Duk wannan yana komawa ga zuwa asibiti a kai a kai, wanda shi ne abin da mutane suka fi saki. A shekarar farko akan ga likita kusan kowane wata ɗaya ko biyu har a kai yankin kore, daga baya kuma aƙalla sau ɗaya a shekara muddin zoben yana jiki. Wannan ya fi shafar waɗanda suke fita daga Najeriya ko Nijar zuwa Indiya, Masar, Turkiyya ko Dubai a yi musu aikin, su dawo bayan 'yan kwanaki ba tare da sun san wanda zai duba su a gida ba. Kafin a sayi tikitin jirgi a nemo likitan tiyatar da zai iya ƙara ruwa da rage shi a kusa, a kuma karɓo takardar da ta bayyana samfurin zoben, da yawan ruwan da yake ɗauka, tunda wani mililita 10 ne wani 14, da adadin da ke cikinsa a yanzu. Maɓallin yana da allurarsa ta musamman wadda ba ta yage robarsa. Kada a yarda a soka masa allurar yau da kullum a kemis.

Magunguna ma suna da nasu tarkon. Masu kashe zafin jiki irin su ibuprofen da diclofenac da asfirin, waɗanda ake saye ba takarda, suna cin bangon tumbi, don haka a tambayi likita kafin a sha su. Manyan ƙwayoyi suna iya maƙalewa, a nemi na ruwa ko na taunawa, kuma kada a daka kowace ƙwaya sai mai harhaɗa magani ya ce ana iya dakawa. Mai ciwon sukari ko hawan jini ya sani cewa adadin maganinsa zai buƙaci a sake duba shi yayin da nauyi yake sauka. Ko da yake zoben ba ya hana hanji tsotse sinadarai, ƙarancin abin da ake ci yana sa a buƙaci ƙwayar bitamin kullum da gwajin jini lokaci-lokaci.

A harkar yau da kullum, zoben ba ya zama a matsi ɗaya. Mutane da yawa suna jin ya fi matsewa da safe, ko lokacin damuwa, ko a jirgin sama, mata kuma gab da al'ada. A irin waɗannan lokutan a fara da abin sha mai ɗumi, a jinkirta mai tauri. A wurin biki ko suna, inda ƙin cin abinci yake kama da raina mai gida, ya fi sauƙi mutum ya karɓi ɗan kaɗan ya ce likita ya sa masa doka, da ya ci don kunya ya tashi neman bayan gida. Azumin Ramadan yana buƙatar shawarar likita, musamman a watannin farko bayan tiyata da kuma lokacin zafi, saboda mai zobe ba zai iya kwankwaɗar ruwa mai yawa a lokaci ɗaya ba. Wanda aka ba izini ya buɗe baki da ruwa mai ɗumi ko romo, ya tauna dabino sosai ya cire ɓawonsa idan yana maƙale masa, ya yi sallah, sannan ya ci a hankali, ya kuma rarraba shan ruwa har zuwa sahur. Kada a kwanta sai an yi sa'a biyu zuwa uku da cin abinci. Mace kuma akan ba ta shawarar jinkirta ɗaukar ciki na wata 12 zuwa 18, ta lura cewa samun ciki yakan sauƙaƙa idan ƙiba ta ragu, idan kuma cikin ya shiga ta sanar da likitanta da wuri domin wani lokaci akan rage ruwan zoben saboda laulayi.

Saura zancen ma'auni. Ramar zobe ta fi ta sauran tiyatocin jinkiri, kimanin rabin kilo zuwa kilo ɗaya a mako idan komai yana daidai, kuma takan ɗauki shekara biyu ko uku kafin ta tsaya. Mai kwatanta kansa da wanda aka yanke wa tumbi zai karaya a banza, ya koma roƙon ƙarin ruwa. Tafiya a ƙafa tun daga kwanakin farko, da ƙara motsa jiki bayan kusan mako shida idan rauni ya warke, suna kare tsoka daga zubewa tare da kitse. Akwai kuma waɗanda za su kiyaye duk ƙa'idojin nan amma jikinsu ya ƙi zoben, ƙwannafi ya ƙi lafawa ko nauyi ya ƙi sauka. Sake tiyata bayan wasu shekaru abu ne sananne ga masu zobe, kuma likita yana iya cire shi kawai, ko ya mayar da aikin zuwa yanke tumbi ko karkatar da hanji, a zama ɗaya ko kuma bayan 'yan watanni idan tumbin ya huta.