Yadda za ka kula da ƙodarka tun ba ta gaza ba

Ɗora tafin hannunka a bayanka, daidai ƙasan haƙarƙari na ƙarshe, gefe da gefen ƙashin baya. A nan ƙodojinka biyu suke, ba can ƙasa a ƙugu ba. Kowace tana da siffar ƙwayar wake, tsawonta santimita 10 zuwa 12, nauyinta kusan giram 150. Ta dama ta ɗan fi yin ƙasa saboda hanta na samanta.

A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya da likitoci ke kira nefron. Jini na isa kowace matata ta wani dunƙulen siraran jijiyoyi. A nan ruwa, gishiri, suga da dattin jiki irin su yuriya da kiriyatinin ke ratsawa, amma ƙwayoyin jini da furotin ba sa wucewa. Ruwan da ake tacewa a yini ya kai lita 180, sai dai kusan dukansa ana mayar da shi cikin jini tare da sugan da gishirin da jiki ke buƙata. Abin da ya rage, lita ɗaya zuwa biyu, shi ne fitsarin da ke gangarawa mafitsara. Ƙoda ce kuma ke daidaita hawa da saukar jini, ita ke aika wa ɓargo sinadarin da ke sa shi yin jini. Shi ya sa mai ciwon ƙoda ke fama da ƙarancin jini da kasala.

Abin da ke damun mu shi ne ƙoda na iya rasa fiye da rabin ƙarfinta mutum na ta harkokinsa bai ji komai ba, kuma matatar da ta mutu ba ta dawowa. Don haka kada ka jira ciwo.

Fara da awon hawan jini. Hawan jini da ciwon suga su ne kan gaba wajen lalata matatan nan. Idan awonka na kaiwa 140/90 ko sama a lokuta daban-daban, ga likita, kuma kada ka bar magani don ka ji sauƙi. Mai ɗayan cututtukan nan biyu ya yi gwaji biyu duk shekara: na fitsari don neman furotin, da na jini don auna kiriyatinin. Ana yin su a Cibiyar Lafiya ta Tarayya da ke Gusau da sauran manyan asibitoci.

Sai ruwa. A bazara zafi kan haura digiri 40 a Zamfara, manomi ko mai aikin ƙarfi na zubar da lita da dama ta gumi. Launin fitsari ne ma'auni: idan ya yi duhu kamar shayi, ruwan jiki ya yi ƙasa. Wanda likita ya ƙayyade wa ruwa shi kam ya bi ƙa'idarsa. Gishiri kada ya wuce giram 5 a yini, wato ƙaramin cokali guda, har da na cikin dunƙulen miya da yajin tsire.

Maganin ciwon jiki na kemis, musamman diclofenac da ibuprofen, na rage jinin da ke shiga ƙoda. Shan su kullum bayan an wuni cikin rana babu isasshen ruwa haɗari ne babba. Haka jiƙon da ba a san me aka haɗa a ciki ba, da man bilicin mai sinadarin makuri, wani ƙarfe mai guba.

Dalma ma na cin ƙoda a hankali. Gubar dalmar da ta kashe yara sama da 400 a yankunan Anka da Bukkuyum a 2010 daga niƙan duwatsun zinari a cikin gidaje ta fito. Mai aikin haƙa ya bar niƙa a wajen gari, ya yi wanka ya sauya tufafi kafin ya shiga cikin iyali.

A tafi asibiti a ranar idan fuska ta kumbura da safe ko ƙafafu da yamma, idan fitsari na kumfar da ba ta kwanciya, ko da jini a ciki, ko ya ragu ƙasa da rabin lita a yini, musamman bayan gudawa da amai, zazzaɓi mai tsanani ko zubar jini wajen haihuwa. Irin wannan gazawa ta farat ɗaya takan warke idan an kama ta da wuri. Wadda ta daɗe har ta kai ƙarshe kuwa sai wankin ƙoda, sau biyu ko uku a mako, awa huɗu kowane zama, ko dashe.