Yadda Ake Amfani da Hoton Ƙashi Wajen Gano Tasirin Sukari a Jikin Ɓeraye

Masu binciken da ke son sanin abin da yawan sukari ke yi wa ƙashi sukan koma ga ɓeraye, domin a cikin 'yan makonni ana iya ganin sauyin da a jikin ɗan Adam sai an jira shekaru. Sai dai na'urar ɗaukar hoto, komai tsadarta, siffar ƙashi kaɗai take nunawa. Tsarin ciyarwa ne ke tabbatar da cewa sukari ne ya haddasa abin da aka gani.

Da farko, a nemi izinin kwamitin da ke kula da dabbobin gwaji, a kuma bi ƙa'idoji ukun da Russell da Burch suka shimfiɗa a 1959: a guji amfani da dabba in akwai wata hanya, a rage yawansu, a sauƙaƙa musu wahala. Sannan a zaɓi ɓeraye masu asali ɗaya, kamar nau'in da ake kira Wistar, waɗanda jinsinsu (maza ko mata) da lokacin haihuwarsu ɗaya ne, a raba su rukuni-rukuni ta hanyar ƙuri'a.

Mataki na biyu shi ne ciyarwa, kuma a nan ne bincike ya fi lalacewa. Ana ba kowane rukuni daidaitaccen abincin ɓerayen gwaji irin wanda ake kira AIN-93, sai a zuba wa wani rukunin sukari a ruwan sha, galibi furuktos (nau'in sukarin da ake samu a 'ya'yan itace) kashi 10 cikin ɗari. Ɓeran da ya cika cikinsa da ruwan zaƙi yakan rage cin abinci, don haka kalsiyam da furotin da yake samu su ragu, ƙashinsa ya raunana ba don sukarin kansa ba. Haka kuma idan ya yi ƙiba, nauyin na iya sa ƙashin ya ƙara kauri, ya ɓoye illar da ake nema. Saboda haka wajibi ne a riƙa auna abinci da ruwan da aka sha kullum, a ɗora kowace dabba a sikeli duk mako.

Na uku, a ɗauki hoto da na'urar DXA, wato wata na'urar eksire ta auna ƙashi, a farkon gwaji da kuma lokaci-lokaci, bayan an sa dabbar barci da iskar aisofuluren. Wannan na'ura, wadda ta shigo asibitoci a 1987, tana auna yawan ma'adinin ƙashi ne kawai, ba ta nuna yadda cikinsa yake.

Nuna cikin ƙashi aikin wata na'ura ce mai suna maikro-CT, wadda ke zagaya ƙashi da hasken eksire ta fitar da siffarsa ta kowace fuska. Ana duba ƙarshen ƙashin cinya kusa da gwiwa ko saman ƙashin ƙwauri, inda cikin ƙashi yake kamar soso. Ƙa'idojin da mai binciken ƙashi Bouxsein da abokan aikinta suka fitar a 2010 sun buƙaci a bayyana yawan ƙashin da ke wurin, da adadin siraran sandunansa, da kaurinsu, da tazarar da ke tsakaninsu. A daidaita na'urar da ma'aunin haidiroksiyafatait (ma'adinin da ke cikin ƙashi), a yi amfani da saiti ɗaya ga kowane ƙashi, kuma mai nazarin hoton kada ya san rukunin da ƙashin ya fito. A ganina, wannan sharaɗi na ƙarshe bai kamata a sassauta shi ba ko kaɗan. Idan dabbar tana raye ake ɗaukar hoton, a taƙaita maimaitawa, domin hasken da kansa yana iya cutar da ƙashi.

A ƙarshen gwaji, a naɗe ƙashin cinya a bandeji mai ruwan gishiri, a daskarar da shi, sannan daga baya a narkar da shi a ɗora a kan madogara biyu, a danna tsakiyarsa har ya karye, a gwada ƙarfin da ya jure da abin da hoton ya nuna.