Idan An Ce Kowa Ya Zo da Abin Taɓawa: Bugaggen Bota Mai Ganye

Ba za ku daɗe a Birtaniya ba za a gayyace ku irin taron da mai masauki ba ya ɗaukar nauyin ciyar da kowa. Ko a wurin aiki, ko a sashenku na jami'a, ko a makarantar yara, saƙon zai zo da kalmomin nan, "bring and share". Kowa ya zo da kwanonsa, a jera a tebur ɗaya, a ci tare. A gida, ka kira mutum biki sannan ka ce ya taho da abincinsa, sai a yi da kai a gari. A nan ba rowa ba ce, haka tsarin yake, kuma ya fi yawa a watan Disamba lokacin shagulgulan ƙarshen shekara, da kuma bazara, musamman watan Yuni da unguwanni ke fito da tebura kan titi.

Abin da ke fara zuwa ran ɗan Najeriya shi ne dafa-duka, ko masa da miya, a nuna musu yadda ake girki. Za su ci kuwa har su nemi ƙari. Amma ku duba halin da sabon zuwa yake ciki: kicin ɗaya ne da mutum biyar a ɗakin ɗalibai, tukunyar ƙarama, ga bas ko jirgin ƙasa da za a shiga da abinci mai zafi, ga shi ba a san ko akwai wurin ɗumamawa a can ba. Shawarata, a ajiye dafa-duka sai an san mutanen. A karon farko a kai abin da ba ya cin kuɗi, ba ya zubewa a jaka, ba ya neman wuta idan an isa. Bugaggen bota mai ganye da burodi ya cika duka ukun, kuma namijin da bai taɓa riƙe muciya ba ma zai iya shi cikin minti ashirin idan botan ya riga ya yi laushi.

Tun daga kanti ake yin nasara ko a faɗi. A gida duk abin da ake shafa wa burodi bota ne, har da Blue Band, alhali shi man tsirrai ne. Wanda ake nufi a nan shi ne na madarar shanu zalla, mai zuwa a dunƙule cikin takarda, yawanci giram 250, ko da yake wasu kamfanoni sun rage nasu zuwa giram 200, don haka a duba nauyin. Ka'idarsu ita ce kitsen madara ya kai aƙalla kashi 80 cikin ɗari kafin a kira abu bota. Na cikin roba mai rubutun "spreadable" yawanci an gauraya shi da man tsirrai domin ya shafu daga firji, ɗanɗanonsa bai kai ba. A kan takardar za ku ga "salted" ko "unsalted". Ku ɗauki marar gishirin, domin ku ne za ku auna gishiri da kanku. Na Aldi ko Lidl ko Tesco mai tambarin kantin ya wadatar, ganye da tafarnuwa za su rufe duk wani bambancin da ke tsakaninsa da mai tsada.

Wani zai ce ai man shanunmu ya fi. A kan tuwo da miyar kuka, babu musu. Amma soyayyen man shanu an riga an ƙone ruwansa, ba ya kumbura da bugu yadda ake so, haka ma irinsa na Indiyawa da ake sayarwa a gwangwani. Kuma kada ku sa a taho muku da shi daga gida: doka ta hana matafiyi shigo da nama ko kayan madara Birtaniya daga Najeriya ko Nijar, ko kilishi ne ko man shanu, a filin jirgi za a karɓe.

Ganyen kuma yana wajen kayan lambu, cikin ƙananan ledoji ko a tukunyar shuka. Faski, wanda suke rubutawa "parsley", shi ne ginshiƙi, mai faffaɗan ganye ya fi mai murɗaɗɗe ƙamshi. Sai wanda suke rubutawa "chives", ɗan'uwan lawashi ne amma siriri, da ɗanɗanon albasa marar kaifi; idan babu, koren lawashin albasa ya yi, a yanka shi ƙanana sosai. Waɗannan biyun kaɗai sun isa. Mai son ƙari ya sa "dill" kaɗan, wani ganye ne mai ƙamshi siri-siri kamar zare, ko na'a-na'a ganye biyar ko shida. "Basil", wanda dangin ɗaɗɗoya ne, yana da daɗi amma yana baƙi da wuri bayan an yanka, sai dai idan a ranar za a ci. Shagunan Turkawa da 'yan Pakistan da ke cike a Birmingham, Manchester, Bradford da gabashin Landan suna sayar da faski da na'a-na'a a manyan ɗaure, sau da yawa sun fi manyan kantuna araha. Busasshen tayim ɗin da muka saba zubawa a miya ba wurinsa ba ne nan, tunda ba dafawa za a yi ba, sai ya riƙa maƙalewa a haƙori.

Ga ma'aunin da zai ishi mutum goma zuwa sha biyu: bota giram 250, madara ko man zaitun cokali biyu babba, gishiri rabin ƙaramin cokali, tafarnuwa ƙwaya ɗaya ƙarama, faski yankakke cokali uku, lawashi cokali biyu, lemun tsami guda, da masoro kaɗan.

Yanzu ga inda aikin yake, wato laushin botan. Dole a fito da shi daga firji ya huce da kansa har ya zama idan an danna da yatsa zai lotsa amma ba ya naso. Wajen digiri 18 zuwa 20 ake so. Da rani awa ɗaya ta isa. Da hunturu, a gidan da ake tsimin hita saboda kuɗin gas, zai iya wuni a kan kanta yana nan da taurinsa. Dabarar ita ce a yanka shi ƙanana a baza a faranti, ko a zuba ruwan zafi a kwano, a zubar, a goge, a kifa kwanon mai ɗumi a kansa na minti goma. Abin da ba a yi shi ne narkar da shi a wuta ko a na'urar ɗumama abinci. Dalili kuwa, bugun da ake yi iska ake cusawa cikin kitsen, kuma kitsen da ke da sauran ƙarfi ne kawai ke iya riƙe iskar. Da zarar ya zama ruwa, ko an mayar da shi firji ya daskare, ba ya komawa yadda yake, sai ya fito da tsaki-tsaki yana maiƙo.

A zuba botan a kwano mai zurfi, a buga shi shi kaɗai da na'urar bugun kek ta hannu na minti uku, sannan a zuba madarar kaɗan-kaɗan ana ci gaba da bugu minti biyu. Za ku ga launin ya tashi daga rawaya ya koma kusan fari, ya kuma ƙara auki. Alamar ke nan. Wanda ba shi da na'ura ya yi da maburgin ƙwai na waya ko cokalin katako, zai ɗauki minti goma ko fiye, hannu zai gaji amma zai yi. Madarar ma kada ta fito daga firji kai tsaye, sanyinta zai sa botan ya dunƙule.

Ganyen a wanke tun da wuri a shanya a kan tsumma mai tsabta ya bushe sarai, domin ruwa da mai ba sa haɗuwa, jiƙaƙƙen faski zai bar koren ruwa a gindin kwano. A yanka da wuƙa mai kaifi, kada a markaɗa. Lemun kuma bawonsa ake so fiye da ruwansa: a goga saman bawon a magogi mai ƙananan ƙofofi, a tsaya kafin a kai farin ciki mai ɗaci. Yawancin lemun kanti an shafa masa kakin da ke hana shi bushewa, saboda haka a nemi mai rubutun "unwaxed", ko a wanke da ruwan zafi a dirje. Ruwan lemun ƙaramin cokali ɗaya ya isa. A zuba waɗannan duka da gishiri da masoro a juya da cokali, a ɗanɗana a kan burodi, ba a kan yatsa ba, don burodin ma yana da nasa gishirin.

Tafarnuwa tana son magana ta musamman. Ɗanya tana ƙara ƙarfi da zama, abin da ya yi daidai da daddare zai yi yawa da safe, kuma mutanen da za su koma ofis su yi taro ba za su gode muku ba. Ni na fi son gasasshiya: a yanke kan dunƙule guda, a ɗiga mai, a naɗe a takardar gashi ta alminiyam, a sa a obin mai zafin digiri 200 na minti arba'in. Za ta yi laushi da zaƙi-zaƙi, a matse ta duka a ciki bayan ta huce. Dunƙulen magi kuwa a bar shi a gwangwaninsa, zai danne ƙamshin ganyen.

Akwai jarabar da na san za ta zo muku, ta barbaɗa yajin tsire a kai domin a sa hannun gida. Yana da daɗi ƙwarai da bota. Amma yajin tsire da ƙuli-ƙuli ake yinsa, gyaɗa ke nan, kuma a ƙasar nan akwai mutane da yawa, musamman yara, da jikinsu ba ya karɓar gyaɗa, ɗan kaɗan zai iya toshe musu numfashi. Dokar Birtaniya ta lissafa abubuwa 14 da dole masu sayar da abinci su bayyana, cikinsu akwai gyaɗa, riɗi, madara, ƙwai da alkama. An ƙara tsaurara ta a watan Oktoban 2021 bayan rasuwar wata yarinya, Natasha Ednan-Laperouse, wadda ta ci burodi mai riɗi a 2016 ba tare da an rubuta a jikin takardarsa ba. Dokar ba ta hau kan wanda ya kawo kwano taron abokai ba, amma mutane sun saba tambaya, kuma makarantun yara da yawa sun hana shigo da gyaɗa kwata-kwata. Idan kuna son zafi, ku yi da garin barkono zalla da 'yar citta. Idan taron manya ne kuma lallai sai yajin, a zuba shi a ƙaramin kwano daban da cokalinsa, a rubuta cewa akwai gyaɗa. Shi kansa botan a ajiye 'yar takarda a gefensa: madara, tafarnuwa, ganye, lemu.

Wannan takardar tana da wani amfanin. Bota halal ne, kuma waɗanda ba sa cin nama, irin abokan aiki 'yan Hindu da yawa, za su ci hankali kwance. Masu guje wa duk abin da ya fito daga dabba ne kawai ba za su taɓa ba; idan kun san akwai su, ana sayar da botan tsirrai mai dunƙule, yana buguwa daidai gwargwado. A wasu girke-girken za ku ga an ce a goga cukun Italiya mai suna Parmesan. Na asalin da sinadarin cikin ɗan maraƙi ake daskarar da shi, don haka masu ƙin nama ba sa ci, Musulmi da dama ma suna kaucewa. Ba a rasa komai idan an bar shi.

Abin dangwalawa: dogon burodin Faransa, wanda 'yan Nijar suka sani tun a Yamai da Maraɗi, guda biyu ko uku, a yanka a karkace. A saye shi a ranar, domin kwana ɗaya ke mayar da shi itace. A ƙara da karas da kokwamba yankakku a tsaye, da jan radish, wata 'yar saiwa mai ɗan yaji, idan an samu, Faransawa sun daɗe suna cinsa da bota da gishiri. A 2022 an yi yayin shafa botan a kan katakon yanka a TikTok, ana yi masa ado da ganye da zuma. Yana da kyau a hoto, amma wanda zai shiga bas ya zuba nasa a roba mai murfi, idan ya isa ya juye a kwano mai faɗi, ya yi masa ƙwarya-ƙwarya da bayan cokali, ya ɗiga man zaitun, ya watsa sauran ganye.

A ajiye wuƙar shafi ko ƙaramin cokali a ciki. Mu da muka tashi muna cin tuwo a tire ɗaya ba ma ganin komai, amma a nan wanda ya gutsiri burodi ya sake mayar da shi cikin kwanon jama'a, za a lura ko ba a yi magana ba. Kowa ya ɗiba ya sa a farantinsa.

Za a iya haɗawa tun daren jiya a sa a firji a rufe ruf, don bota yana jan warin duk abin da ke kusa da shi, balle a firjin haɗaka mai kifi da albasar wani. A fito da shi awa ɗaya kafin a ci. Tafiyar bas ma takan isa ta sassauta shi. A wurin taron kada a ajiye shi kusa da hita, kuma tunda akwai madara da ɗanyen ganye a ciki, wanda ya yi awa huɗu a tebur ba a mayar da shi gida. Wanda kuka rage a firji tun farko a cinye cikin kwana uku, ko a naɗe shi kamar tsiran alade a takardar gashi a sa a firiza, ana yanko shi ana ɗorawa a kan gasasshen kifi, dankali ko dafaffiyar masara.