Kamun kifi da fatsa don huce gajiyar kai

Ni ba masunci ba ne, amma idan tunani ya yi mini yawa, fatsa nake ɗauka in nufi dam ɗin Tiga.

Kayan ba su da tsada: sanda mai lanƙwasa, zaren roba, ƙugiya ƙarama, da guntun totuwa da za ta riƙa yawo a saman ruwa. Tsutsar tana da za ka sa a ƙugiya kuwa, tono ta tun da yamma a wuri mai danshi, ka zuba a gwangwani da ƴar ƙasa. Ka fita bayan sallar asuba, kafin rana ta yi zafi. Fara gaida masuntan wurin, su za su nuna maka inda karfasa ke taruwa.

Kashe waya. Jefa ƙugiya, ka zuba wa totuwar nan ido. Sirrin ke nan: wanda ke jiran ta nutse ba ya lissafin bashi. Numfashi ya daidaita, kafaɗa ta saki, da dare barci ya zo da sauƙi. Ko ba ka kama komai ba, ba ka yi asara ba.

Kada ka shiga ruwan, saboda tsargiya, wato cutar fitsarin jini. Idan kuma damuwar ta kai ga hana ka cin abinci ko aiki, ga likita tukuna.