Kurakuran da ke kashe shaf ɗin mota tun kwanansa bai ƙare ba

Motocin da suka fi yawa a titunan Kebbi, daga Golf da Sharon na haya zuwa Corolla da Honda na gida, tayoyin gaba ne ke jan su. Ƙarfin inji yana fita daga giyabos ya bi ta shaf biyu, dama da hagu, ya isa taya. Kowane shaf yana da kai biyu, na ciki wajen giyabos da na waje wajen taya, kuma kowane kai an cika shi da giris an rufe da roba. Sandar ƙarfen da ke tsakiya ba kasafai take samun matsala ba. Kawunan ne ke mutuwa, kuma galibi robar nan ce ke jawo musu.

Babban kuskure shi ne raina yagewar roba. Da ta tsage, jujjuyawar shaf za ta riƙa fesar da giris waje, ƙura da yashi su shiga su maye gurbinsa. Motar da ke bin hanyoyin ƙauye a kewayen Argungu ko Suru, rani ta sha ƙura, damina ta kutsa ruwan fadama, ba ta daɗewa kafin ragowar giris ɗin ya cakuɗe da yashi ya koma cin ƙarfen da aka sa shi ya kare. Alamar a fili take: baƙin maiƙo ya fantsama a cikin rim, a jikin shokozoba da bayan birki. Duk lokacin da za ka yi juyen mai, murza sitiyari har ƙarshe, ka leƙa bayan taya, ka sa yatsa ka buɗa lanƙwasar robar. A can cikin lungun take fara tsagewa, inda ido ba ya kaiwa daga tsaye.

Sai kuma gyaran ganin ido. Wani ya naɗe wurin da leda, wani ya ɗaure bakin robar da waya ko igiyar tsohon tif. Waya yanka robar take yi, leda kuma ba ta kai ka Jega. Roba sabuwa ake sawa, a matse ta da kilif ɗinta na ƙarfe. Amma ko sabuwar ce, idan bakanike ya zura ta a kan tsohon giris mai yashi, an rufe ɓarawo a cikin ɗaki ne kawai. Dole a cire kan, a wanke shi tas, a bar shi ya bushe, a duba ƙwallayen ƙarfen da ke cikinsa da hanyoyinsu ko sun yi rami, sannan a cika. Giris ɗin ma ba kowanne ba. Kan waje yana son baƙin nan mai sinadarin moli, wanda yakan zo a ƙaramar leda tare da roba, ba ruwan ɗorawa da ake sa wa boris ba. Kan ciki na motoci da yawa kuma nasa daban ne, ya fi laushi.

In kan ya riga ya fara ƙara, sauya roba ɓarnar kuɗi ce. Ƙarfen da ya cinye ba ya dawowa.

A nan ne mutane suka fi asara, wato wajen sauraren ƙara. Kan waje idan ya lalace, kas-kas-kas yake yi lokacin da ka karya kwana sosai kana taka totur. Nemi fili, murza sitiyari har ƙarshe, ka zaga a hankali dama da hagu, za ka ji shi. Kan ciki ba haka yake ba, jijjiga yake sa mota idan ka taka totur, da ka ɗaga ƙafa sai ta lafa. Gurnani mai ƙaruwa da gudu yawanci boris ɗin taya ne. Sitiyarin da ke rawa a kan babban gudu, ko ka taka ko ba ka taka ba, fara da balans ɗin taya. Na fi ganin laifin mai mota a nan, don shi ke shiga gareji yana cewa "Maigida, shaf ne, a sauya," shi kuma bakanike ba zai ƙi ciniki ba. Faɗa masa abin da ka ji da lokacin da kake jin sa, ku fita gwaji tare.

Wajen saye, kada ka je da sunan mota kawai. Shaf ɗin dama da na hagu tsawonsu ba ɗaya ba ne, kuma sau da yawa na mota mai giyar hannu ya bambanta da na otomatik. Tafi da tsohon, a jera su, a ƙirga haƙoran da ke shiga taya da na giyabos. Idan akwai zoben ABS (na'urar da ke hana taya kullewa in an taka birki) a jikin kan waje, a ƙirga nasa haƙoran ma, in ba haka ba fitilar ABS za ta kama a dashbod. Ɗan Beljiyam mai lafiya yakan fi sabo mai arha ƙarko, amma murɗa kawunan da hannu ka ji ko suna da sako-sako, kuma ka sauya masa roba kafin a ɗaura, don robar ta tsufa ko da ba ta yage ba.

Ɗaurawa ma tana da nata. Yaron gareji ya ɗauki guduma ya bubbuga bakin shaf don ya fita daga taya, zaren ya baje, noti ya ƙi hawa. Wani ya bar shaf yana reto har kan ciki ya zare. Wani kuma ya tura motar a kan tayoyinta alhali babu shaf a ciki, nan take an illata boris, don notin shaf ne ke riƙe shi a matse. Wannan notin yana da ma'auninsa, a Corolla da Accord da yawa ya haura 200 Nm (awon ƙarfin ɗauri), kuma zura wa sifana bututu a hau kai a yi tsalle ba awo ba ne. A sa sabo, a ɗaure da sifana mai ma'auni, a dunƙule bakinsa cikin tsagin shaf ko a sa masa fin, gwargwadon ƙirarsa. Ta ɓangaren giyabos, a tura har ƙaramin zoben bakin shaf ya shige ya kama, a duba robar da ke tare mai a wurin, a kuma cike man giya da ya zuba. Ana yawan mantawa da wannan na ƙarshen, sai giyabos ya fara kuka. Masu Golf su sani cewa galibi nasu kan cikin da kusoshi shida ake ɗaure shi, kuma suna kwancewa idan ba a matse su daidai ba.

Akwai kuma masu sa a ɗaga musu mota saboda ramuka. Ɗagawar tana ƙara wa shaf karkata, roba ta riƙa gogar kanta, kawunan su yi aiki a takure. Haɗa da buhunan albasar Aliero har saman but da figar mota sitiyari na karye, ka gane dalilin da ya sa wasu direbobi ba sa rabuwa da gareji.

Su kuwa Hilux da Hiace, farfela ce, wato doguwar sandar da ke bi ta ƙarƙashin mota, ke kai ƙarfi zuwa tayoyin baya. Kafin a kwance ta a yi mata alama da fenti a kowace mahaɗa, a mayar yadda take, don in aka juya ta jijjiga za ta biyo baya. Inda kuros, wato mahaɗar farfela mai siffar gicciye, yake da bakin giris a riƙa ɗura masa, musamman bayan an ratsa ruwa. Idan ka ji "ƙwal" daga ƙasa lokacin sa giya ko tashi, kama farfelar da hannu ka girgiza, ka duba kuros da boris ɗin tsakiya kafin a taɓa giyabos.